Shayib, Tsohon Karen Gonar Kawuna

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, na dawo Madina daga garin Yanbu na bakin teku da jaka ɗaya da hannun dama a naɗe cikin bandeji. Aikin walda nake yi a wani kamfani mai gyaran bututun mai, sai wani ƙarfe ya suɓuce ya murƙushe mini yatsu uku. Likita ya ce za su warke, amma ba yau ba, ba gobe ba. Kamfanin kuma suka ce in je gida in huta, za su neme ni. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san abin da "za mu neme ka" take nufi.

Na koma gidanmu a unguwar Harra ta Gabas wajen mahaifiyata. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, ƙannena mata duk suna gidajensu, daga ni sai ita. Wata biyu cur na yi ina kwance a ɗaki. Ban zuwa ko'ina sai masallaci, shi ma da an sallame nake sulalewa don kada wani ya tambaye ni yaya hannu. Ko gaisuwa aka yi mini sai in ji kamar zagi. Ni da kaina na san na zama abin haushi, amma na kasa dainawa.

Wata safiya mahaifiyata ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta ce, "Hannu ne ya karye ko ƙafa?"

Na ce, "Hannu, Umma."

Ta ce, "To, yalla, tashi. Kawunka na neman wanda zai riƙa kunna masa injin ruwa. Hannu ɗaya ya isa."

Kawun nawa yayanta ne. Yana da 'yar gonar dabino a bayan gari, inda gidaje ke ƙarewa baƙaƙen duwatsu su fara. Ba wata babbar gona ba ce: dabinai, 'yan akuyoyi, rijiya da inji, sai rumfa ta ganyen dabino inda yake shan shayi. Ya tsufa, gwiwarsa ta lalace, da sanda yake tafiya. Haka na fara zuwa kullum bayan asuba a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, in kunna inji, in buɗe wa ruwa hanya daga wannan layi zuwa wancan, in zauna in yi ta kallon hannuna.

A kwana na huɗu ko na biyar na fara jin wani sauti daga bayan katangar gabas. Ba haushi ba ne, ba kuka ba ne, kamar dai tarin tsoho. Na tambayi Kawu. Ya ce gonar maƙwabcinsa ce, wani dattijo Balarabe mai kiwon tumaki da ya rasu watannin baya. 'Ya'yansa sun sayar da tumakin, sun sa gonar a kasuwa. "Karensa ne ya rage," in ji Kawu. "Babu mai sayen tsohon kare. Baladiyya za su zo su ba shi abin da suke ba su, ya huta." Baladiyya ita ce hukumar gari, abin da suke ba karnukan titi kuwa kowa ya san guba ne.

Na hau wani dutse na leƙa. Yana kwance a gindin wata busasshiyar bishiya, an ɗaure shi da igiya, gabansa rabin jarka babu ko ɗigon ruwa. Dogon kare ne mai ruwan ƙasa, amma haƙarƙarinsa duk a waje, gashin bayansa ya zube saboda ƙazuwa, kunnuwansa cike da kaska. Da alama akwai mai zuwa ya jefa masa wani abu in ya tuna. Ya ɗago kai ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan kuwa yanar ido ta rufe shi fari fat. Sai ya yi mini gurnani.

Ban taɓa son kare ba. A gidanmu ko hotonsa ba a ajiyewa. Amma zafin Madina a tsakiyar bazara ba abin da za ka bar mai rai a cikinsa ba ne babu ruwa. Na ɗebo ruwa a bokiti, na tsallaka katangar da hannu ɗaya, na kusa karya na biyun. Na zuba masa na tsaya ina jira ya sha ya gode mini. Ko kallon ruwan bai yi ba, ni yake kallo, leɓensa a ɗage. Sai da na gaji na juya zan tafi, na ji yana lasa a bayana. Na waiwaya, ya daina. Na sake juya baya, ya ci gaba. Ranar na koyi doka ta farko a kansa: ba ya ci, ba ya sha, in ana kallonsa.

Sati biyu na yi ina kai masa ruwa da ragowar gurasa. Ranar da na ga an kawo motar rusau an ajiye a bakin gonar, na je na sami babban ɗan mamacin na tambaye shi ko zan iya ɗaukar karen. Ya dube ni kamar na ce ya ba ni shara. Ya ce, "Ɗauki, Allah ya ba ka lada. Amma ka sani yana cizo, kuma yana da aljanu." Ban gane zancen aljanun ba sai daga baya.

Ɗaukarsa ba aikin mutum ɗaya ba ne, balle mai hannu ɗaya. Na nemo abokina, wani ɗan Kano da ke karatun fiƙihu a jami'a, muna haɗuwa a masallacin unguwarmu. Da na faɗa masa aikin, sai ya ce, "Duk Madina ka rasa abin da za ka gayyace ni sai ɗaukar kare? Mutane na gayyata ta walima."

Na ce, "Malam, halal ne ko haram?"

Ya ce, "Kare don gadin gona an yarda da shi." Da muka isa ya leƙa ya gan shi, sai ya ƙara da cewa, "Amma wannan me zai yi gadi? Shi kansa mai gadi yake nema."

Duk da haka ya naɗe hannun rigarsa. Muka jefa wa karen tsohon bargo a ka, muka naɗe shi yana ta wutsilniya, muka sa shi a bayan mota. Abokina ya yi ta salati tun daga gindin bishiyar har bakin mota, yana riƙe da ƙafafun baya, fuskarsa a juye gefe. Muka wuce wajen wani likitan dabbobi ɗan Sudan da ke kusa da kasuwar tumaki, wanda aikinsa raƙuma ne da awaki.

Likitan ya ɗaure masa baki da tsumma ya dudduba shi. Ya ce karen ya haura shekara goma sha biyu. Idon hagu ya tafi, kunnen hagu ma ba ya ji, haƙoran ciki sun ruɓe, sai na gaba suka rage. Ya nuna mini wasu tsofaffin tabo a bayansa da ƙugunsa, ya ce wannan dukan sanda ne, kuma ba na rana ɗaya ba. Ƙazuwa da kaska suna da magani, in ji shi. Muna cikin magana sai karen ya sandare, ya faɗi gefe, ƙafafunsa suka shiga harbe-harbe, kumfa na fita ta gefen tsumman. Abokina ya yi tsalle ya koma bakin ƙofa. Ashe aljanun ke nan: farfaɗiya.

Da ta sake shi, likitan ya wanke hannu ya ce mini, "Ka ji gaskiya. Ƙwaya ce safe da yamma, kullum, har ya mutu. Ranar da ka tsallake, za ta kayar da shi. Kuma ba zai so ka ba, irin waɗannan sun wuce nan. In ba za ka iya ba, akwai allura, yanzu sai ya yi barci."

Na dubi karen. Yana kwance yana haki, ya jiƙa kansa da fitsari, amma idon nan ɗaya yana kaina, yana neman ƙarfin da zai yi mini gurnani. Ban san abin da ya sa ba, taurin kan nan nasa ne ya kama ni. Na ce a ba ni ƙwayar.

A gida kuwa, mahaifiyata ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Na aike ka ban ruwa, ka dawo mini da najasa." Ta kafa dokokinta nan take. Kayan da nake sawa a gona ba za su wuce zaure ba, ta buga ƙusa a can don rataye su. Kwanon karen ba zai taɓa shiga gidanta ba. Kuma kada in kuskura in ambace shi tana cin abinci. Kawu shi dariya kawai ya yi, ya ce gonar tana da faɗi, tsoho ɗaya ko biyu duk ɗaya ne. Shi ya raɗa masa suna Shayib, wato tsoho mai furfura.

Watannin farko wahala ce zalla. Na yi masa inuwa a bayan ɗakin inji, nesa da rumfar Kawu da inda muke salla. Ƙwayar nan sai na ɓoye ta cikin gurasa da aka jiƙa da romo, in ajiye, in juya baya, in saurari ƙarar cinsa. In na dawo sai in tarar ya lashe komai ya bar mini ƙwayar tsaf a tsakiyar kwano. Na daka ta, ya ƙi cin abincin gaba ɗaya. Sai da na gano hantar kaza ce kaɗai ba ya bincike a kanta. Wankan maganin ƙazuwa kuwa kokawa ce, sai na sa safar walda mai kauri. Sau biyu yana kama ni, duka biyun laifina ne, na zo masa ta hagu inda ba ya gani ba ya ji. Daga nan na koyi zagayowa ta dama, in buga ƙafa a ƙasa tun daga nesa don ya san ni ne.

Ni da na zata za a yi irin abin nan na labari, ka taimaki dabba ta riƙa binka tana kaɗa wutsiya. Shayib bai taɓa kaɗa mini wutsiya ba, ko sau ɗaya. Abin da na samu bayan wata huɗu shi ne ya daina gurnani in na zauna kusa da shi. Na koma gida ranar ina ta murna kamar an ba ni sarauta, na rasa wanda zan faɗa wa saboda dokar Umma.

Sai in farfaɗiyar ta kayar da shi ne yake zama wani daban. In ta sake shi ba ya sanin inda yake, sai ya yi ta laluben ƙasa da hanci. In ya ci karo da ƙafata sai ya ɗora kansa a kai, ya yi shiru. Nakan tsaya cak, rana na dukana, ruwa na ambaliya a layin dabinai, ba na motsi har sai ya dawo hayyacinsa. Da ya gane abin da yake yi sai ya janye kai ya tafi can gefe, kamar wanda aka kama yana abin kunya. Ban lura ba a lokacin, amma cikin riƙe kwano da matse soso da jan igiya yatsuna suka fara lanƙwasuwa.

Ranar da abin ya ɓaci, lokacin nunar dabino ne. Na kwance Shayib ya ɗan miƙe ƙafa, na hau tsani ina duba wani nono na dabino. Kawu ya taho daga rumfa yana dogara sandarsa, ya biyo ta hagun karen, ya ɗaga sandar zai nuna mini wani reshe. Ban ga tashinsa ba, ihun Kawu kawai na ji. Shayib ya kama shi a sha-raɓa, ya yaga wando, jini na zuba. Shi kuma ya koma gindin katanga yana karkarwa, ya cusa kai cikin ƙafafunsa yana jiran duka.

Na kai Kawu asibiti, aka yi ɗinki, aka fara masa allurai. Muka dawo, muka tsaya a ƙofar gidansa. Ya ce, "Gobe ka kira baladiyya. Ko ka mayar da shi wajen ɗan Sudan ɗin nan ya yi masa allura. Yau ni ne, gobe jikokina ne."

Na ce, "Kawu, sandar ce ya gani."

Ya ce, "To, in jefar da ƙafata saboda kare?"

Gonarsa ce, ƙafarsa ce, kuma gaskiya ya faɗa. Na koma gida na kasa cin abincin rana. Mahaifiyata ta riga ta ji labari ta waya. Na jira ta ce "ai na faɗa maka", amma ba ta ce ba. Ta daɗe tana kallona ina juya shinkafa da cokali, sannan ta tashi ta ɗauki abayarta ta ce in kai ta gidan yayanta.

Ban shiga ba, a zaure na zauna, amma ina jinsu. Ta yi masa sannu, ta duba ƙafar, ta yi addu'a. Can sai na ji ta ce, "Yaya, ni ban son karen nan, Allah ya sani. Amma yaron nan wata biyu ya yi a ɗaki ba ya magana da kowa. Yanzu kafin in tashe shi ya tashi. Ka bar masa shi." Kawu ya yi ta faɗa da Larabci, ita tana ba shi amsa da Hausa, kamar yadda suka saba tun muna yara. Da ta fito ba ta dube ni ba, ta ce, "Ka yi masa keji mai ƙofa. Kai ba mai walda ba ne?"

Wannan kejin shi ne walda ta farko da na yi tun bayan rauni. Kwana shida na yi a kan aikin da a da zan gama kafin la'asar, ɗinkin ƙarfen duk ya karkace, amma ya tsaya. Na kewaye masa fili mai faɗi har da gindin dabino ɗaya a ciki. Bayan sati uku Kawu ya dawo gona. Ya tsaya a bakin ƙofar gonar ya daɗe, sannan ya jingina sandarsa a jikin katanga, ya shigo yana dafa bango yana ɗingishi yana mita. "Gonata, amma sai na ajiye makami kafin in shiga, kamar mai shiga fadar sarki." Tun daga ranar a can sandar ke wuni har ya tashi tafiya.

Shekarar da ta biyo baya ita ce nake yawan tunawa. Gashin Shayib ya fito, ya yi ƙiba kaɗan, farfaɗiyar ta ragu. Da la'asar in na kashe inji, sai gonar ta yi tsit, ba ka jin komai sai kurciyoyi da ruwa na tsiyaya. Kawu na rumfa yana hura gawayin shayi, ni ina zaune a kan bulo a cikin kejin ta ɓangaren dama, Shayib na kwance taku biyu daga ni, ya miƙe ƙafafu. Wani lokaci abokina ya zo da littattafansa ya yi bita, a can nesa, don har ya gama karatu bai yarda da karen ba. Babu abin da ke faruwa. Da za a tambaye ni a lokacin, da na ce zaman jira nake yi kafin rayuwa ta ci gaba.

Sai ga shi kuwa sun neme ni. Wani tsohon shugabana ya koma sabon kamfani a Yanbu, ya aiko cewa in hannun ya warke in zo. Ba aikin da ake ƙi ba ne, ga shi ina da shekara talatin ban yi aure ba, ina cin abincin uwata. Amma gidan ma'aikata ne, mutum huɗu a ɗaki, babu inda za a kai kare, balle irin Shayib. Na yi kwanaki ina jan ƙafa, har Kawu ya ce, "Tafi. Ƙwaya safe da yamma ce, ni ma ita nake sha. Sai mu riƙa sha tare."

Na tafi. Daga Yanbu zuwa Madina tafiyar awa uku ce, na yi alkawari duk Alhamis zan dawo. Satin farko da na dawo na tarar da matsala: Shayib ya ƙi cin komai daga hannun Kawu, ko ya juya baya, ko ya bar gonar. Kwana uku bai sha ƙwaya ba, ta kayar da shi sau biyu. Na faɗa a gida, ba don ina tsammanin komai ba. Mahaifiyata ta ce, "Yayana bai iya dafa hanta ba ne." Ranar Asabar da asuba, ina shirin komawa, na gan ta da abaya da ƙaramar tukunya a leda, tana jiran motar Kawu.

Daga baya Kawu ya ba ni labarin yadda suke yi. Ba ta taɓa shiga kejin ba, ba ta taɓa taɓa shi ba. Da dogon ludayi take zuba masa ta tsakanin ƙarafa, ta ja kujera ta zauna ta ba shi baya, ta ɗauki carbi. Shi kuma ya ci. Wai har hira take masa da Hausa, tana ba shi labarin tsadar tumatir da rashin kunyar 'ya'yan zamani. Da na tsokane ta, ta ce, "Ba da shi nake ba. Da kaina nake magana, shi yana wurin ne kawai."

Wata bakwai ina zuwa duk Alhamis. In na buga ƙafa daga nesa sai ya ɗago kai, ya shaƙi iska, ya mayar da kai. Gaisuwarmu ke nan. Amma ina ganin yana raguwa, ƙafafun baya sun fara ja, wani lokaci sai na tallafe shi da tawul a ciki kafin ya miƙe. Sannan aka shiga babban gyara a wajen aiki, sati biyu babu hutu. Alhamis ta uku aka sake mu. Na riga na ɗauki jaka, sai abokan ɗakina suka ce za su shiga teku kamun kifi, in zo mu huta. Na gaji ƙwarai. Na ce a raina sati ɗaya ba zai yi komai ba. Na ajiye jakar na bi su, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ranar.

Alhamis ta huɗu na iso Madina da hantsi, na wuce gona kai tsaye. Na tarar da Kawu a rumfa, sandarsa na gefensa. Ban tambaye shi komai ba, na wuce bayan ɗakin inji. Ƙofar kejin a buɗe, an share wurin, an kife kwanon.

Kawu ya biyo ni ya ce, "Ranar Alhamis da ta wuce ne, bayan azahar. Uwarka ta hana a buga maka waya. Ta ce kana aiki da wuta, kada hankalinka ya rabu." Ya nuna mini inda suka haƙa masa rami shi da wani maƙwabci, can ƙarshen gona, suka ɗora duwatsu a kai.

A gida na tarar da ita tana tsince shinkafa. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Ba ta yi mini ta'aziyya ba, ai ba a ta'aziyyar kare. Ta dai ba ni labari a hankali, idonta na kan faranti. Tun Laraba ya daina ci. Ranar Alhamis ta kayar da shi sau uku a jere, daga ta ukun bai tashi ba. Ta ga harshensa ya bushe, ya kasa kai baki ga ruwa. Sai ta buɗe ƙofar ta shiga, ta jiƙa gefen tawul tana matsa masa a baki kaɗan-kaɗan. Ta zauna a nan ƙasa, cikin abayarta, har ya daina numfashi. "Na dawo na wanke kayana, na yi wanka," in ji ta. "Ruwa dai ai ba ya ƙarewa."

Sannan na yi tambayar da har yau nake jin kunyarta, ni ƙato mai gemu. Na ce, "Umma, ya neme ni?"

Ta ajiye farantin ta dube ni. Ta ce, "Ban sani ba. Yana ta ɗaga kai yana shaƙar iska, amma ko kai yake nema, ko iskar yake nema, Allah kaɗai ya sani. Ba zan yi maka ƙarya a kan kare ba."

Yau fiye da shekara ashirin ke nan. Kawu ya rasu, an sayar da gonar, gidaje ne a wurin yanzu, ko layin ban iya ganewa. Abokina yana can Kano yana koyarwa, in mun yi waya har yanzu sai ya ce yana bina bashin walima. Mahaifiyata ma ta koma ga Mahaliccinta, Allah ya jiƙanta. Ban sake riƙe kare ba, kuma ba na jin zan sake. 'Ya'yana in na ba su labarin dariya suke yi, su ce da Larabci wai Baba ya yi rainon karen da bai taɓa son shi ba. Wataƙila gaskiyarsu ne. Abin da na sani shi ne, kafin Shayib ina ganin sai wanda zai gode maka ake yi wa alheri, kuma tsohuwar da ta fi kowa ƙyamarsa ita ta nuna mini iyakar abin.

Nakan yi kewar gonar nan fiye da yadda zan iya faɗa, da mutanen da ke cikinta, da lokacin da duk suna nan ina ganin ba za su je ko'ina ba. Kifin da na kama ranar da Shayib ya mutu ko ɗanɗanonsa ban tuna ba. Amsar mahaifiyata kuwa tana nan daram. Ina gode mata da ba ta yi mini ƙaryar ba. Amma akwai ranakun da nake cewa ina ma ta yi.